Tambayar Nas Ba Ɓata Lokaci Ba Ce



Ƙorafin da aka fi yi a kan ma'aikatan jinya shi ne yawan tambaya. An kawo yaro jikinsa zafi rau, nas ta tsaya tambayar suna, ta ɗora shi a sikeli, tana neman jin abin da ya sha a gida. Ni a ganina tambayoyin nan su ke raba magani da guba. Ku ɗauki Coartem na zazzaɓin cizon sauro. Da nauyi ake bayar da shi: mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya, mai 15 zuwa 24 ƙwaya biyu, sau shida cikin kwana uku. In aka kintata da ido aka rage, zazzaɓin ya kwanta ya sake tashi. Suna kuwa, ɗaki ɗaya na iya haɗa Aisha Muhammad biyu, ɗaya mai juna biyu, ɗaya mai hawan jini, alhali wasu magungunan hawan jini suna illata ɗan da ke ciki.

Amma inda muka fi cutar kanmu shi ne ɓoye-ɓoye. Uwa ta ba yaro farasitamol na kyamis da safe, ta bi shi da maganin mura, ba ta san shi ma da farasitamol a cikinsa ba, ta ƙara da jiƙo. A asibiti, don gudun faɗa, sai ta ce ba a ba shi komai ba. Nas ta ɗora nata a kai, hantar yaro ce za ta ɗauki nauyin. Wani zai ce ai ita ta yi karatun, me ya sa sai mun gaya mata? Karatu ba ya nuna mata abin da ya shiga cikin yaro da asuba. Har a Turai ana wannan kuskure, shi ya sa a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage mummunar illar kuskuren magani da rabi cikin shekara biyar. Wani kuma zai ce wasu nas ɗin ba su iya magana ba. Gaskiya ne, kuma gyara ya kama su, sai dai zafin faɗa na minti biyu ne.

Na san Babban Asibitin Kontagora da nisa daga Mashegu, kyamis kuwa ga shi a bakin kasuwa, ba zan ce kada a je ba. Abin da nake roƙo shi ne a daina yar da kwali da kwalba. A 2008 ruwan maganin haƙori na My Pikin ya hallaka yara 84 a ƙasar nan saboda gubar da ta shiga haɗinsa, kuma da suna da lambar da ke jikin kwalba ake bin sawun irin wannan. Ku sa duk abin da mara lafiya ya sha a leda ku taho da shi, har sauran jiƙon. Kafin a yi allura, ku ma ku tambayi nas sunan allurar da aikinta, ku tabbatar sunan mara lafiyarku ne a katin.