Kafin Ka Miƙa Kuɗin Ƙaramar Kyamara

 

An umarce ni da in yi ɗan bayani a kan sayen ƙaramar kyamara, irin wadda ba ta amfani da fim, ake jefa ta cikin aljihu. Dalili kuwa shi ne sana'ata sayar da kayan lantarki ce, kuma jama'a na yawan tambaya, wani don biki da suna, wani don ya ɗauki hoton hajarsa ya tura wa abokin ciniki a Arewa, wani kuma yaransa ne suka matsa masa. To maganata ɗaya ce: kada ka sayi kyamara sai wadda za ta yi maka abin da wayarka ba ta iyawa. In ba haka ba, riƙe kuɗinka.

Bari in fara da halin da kasuwar take ciki, domin wanda bai san kasuwa ba shi ake cuta. A shekarar 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori fiye da miliyan 120. A 2023 kuwa ba su kai miliyan 8 ba, saboda waya ta cinye kasuwar. Casio, wanda ya yi fice da kyamara mai allon kallo tun 1995, ya daina yin ƙananan kyamarori a 2018. Olympus ya rabu da sashen kyamararsa a farkon 2021. Ma'anar wannan ita ce sababbi 'yan kaɗan ne kuma da tsada, yawancin abin da za ka tarar a Computer Village ta Ikeja, ko Alaba, ko nan kusa da mu, tokumbo ne. Su ma tokumbon sun ƙara kuɗi tun wajen 2022, lokacin da matasan duniya suka sake yayin tsofaffin kyamarori.

Abu na farko da mai shago zai nuna maka shi ne megafiksel, wato yawan ɗigon da suka haɗu suka yi hoton. Jama'a, kada lamba ta ruɗe ku. Hoton da muke wankewa mai inci 4 da 6, megafiksel 2 ya ishe shi. Cikakken shafin mujalla irin tamu, 9 ya wadatar. Ke nan duk kyamarar da ta kai 12 zuwa 20 ta gama maka komai. Akwai wasu marasa sunan kamfani da suka cika kasuwa, an rubuta musu 48 ko 64 a kwali, ga araha, ga sheƙi. Ka ɗauki hoto da su, ka buɗe, sai ka ga fuska kamar an shafa mata man gyaɗa. Araha ba ta ado.

Abubuwa uku ne suke sa kyamara ta fi waya, su ya kamata ka bincika.

Na farko zuƙowa. Iri biyu ce. Akwai ta gilashi, wadda idon kyamarar yake fitowa waje yana komawa, ya jawo maka abin da ke nesa ba tare da hoton ya lalace ba. Akwai kuma ta dijital, wadda yanka hoton kawai take yi ta kumbura shi, kuma wayarka ma tana yin wannan. In ka danna ba ka ga gilashi ya motsa ba, to ka tambaya da kyau. Wasu daga cikin Lumix TZ na Panasonic suna zuƙowa ninki 30, Canon SX740 kuwa ninki 40. Mai son ɗaukar taro daga bayan rumfa, ko filin Idi, ko shanu a kara, irin waɗannan ne nasa.

Na biyu sensa, wato ɗan farantin da ke ciki mai karɓar haske, wanda ya maye gurbin fim. Yawancin ƙananan kyamarori sensarsu kamar milimita 6 ce da 4 da rabi, kuma wayoyi da yawa na yanzu sun kai haka ko sun wuce. Amma wadda ake kira mai inci ɗaya, irin ta Sony RX100 da ta fara fitowa a 2012, ko Canon G7 X, ta ninka waccan kusan sau huɗu. Kamar mai tarar ruwan sama ne, mai baho ya fi mai kofi samu. Shi ya sa hotonta yake fita tas a cikin ɗaki ko bayan magariba, lokacin da aka ɗauke wuta. Sai dai kuɗinta ma ya ninka, kuma ba ta cika zuƙowa da nisa sosai ba. Kowa sai ya duba buƙatarsa.

Na uku filasha. Ta kyamara ta fi 'yar fitilar waya ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ita ma iyakarta mita 3 zuwa 4. Kada wani ya ce maka za ta haska zauren taro gaba ɗaya.

Yanzu sai yadda ake dubawa, tunda na ce yawanci na hannu ne. Kada ka yarda da cinikin biri a sama. Ka je da kanka da rana, ka riƙa katin memorinka. Kunna ta ka kashe sau biyar, ka saurara. In gilashin yana ƙara ko yana sarƙewa, ajiye ta, gyaransa ya kusa kuɗin wata. Haska cikin gilashin da tocilan wayarka. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ba ta goguwa daga waje. Ɗauki hoton farar takarda ka duba ko akwai baƙin tabo. Ciro batir ka ajiye shi a kan tebur. In ya kumbura yana juyawa, ya mutu. Ka tambaya ko ana samun irinsa da cajarsa a kasuwa, domin kyamara marar batir kwalliyar kabad ce.

Haka nan ka duba katin da take ci. Tsofaffin Sony da yawa Memory Stick suke amfani da shi, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma xD, duk sun yi wuyar samu. Nemi mai cin SD. A nan ma akwai mataki: tsohuwa sosai ba ta karɓar abin da ya wuce giga 2, mai alamar SDHC tana kaiwa 32, mai SDXC ta wuce haka. Sannan ka shiga wajen saiti ka ga harshe. Akwai Sony da Panasonic da aka yi don kasuwar cikin Japan kaɗai, Japananci tsantsa ne, ba a juya su zuwa Turanci. In kuma tana haɗuwa da waya ba tare da igiya ba, wannan ƙari ne, ka tura hoto gida ta WhatsApp nan take.

Wani abu da ya shafe mu mazauna Kurmi shi ne laima. Ruwan da ake yi nan ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne. Kada ka bar kyamara cikin jakar fata ko ƙasan akwati duk damina. Samo roba mai murfi, ka zuba 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka ajiye ta ciki, ka cire batirin in za ta daɗe. Wanda aikinsa a cikin ruwa ko ƙura yake, ya nemi irin Tough, wadda aka yi ta don haka.

Babban gargaɗina, wanda ya fi duk waɗannan, shi ne rasit. Kowace kyamara tana da lambarta a ƙasa. Ka sa mai shago ya rubuta lambar a rasit, da sunan shagonsa da kwanan wata. Wanda ya tare ka a bakin titi ko tasha da kyamara ba caja ba kwali, yana neman rabin kuɗi, ka wuce abinka. Mu baƙi ne a garin mutane. In aka kama kayan sata a hannun mutum ɗaya, ba za a ambaci sunansa ba, cewa za a yi Hausawa ne, kuma Sarki da dattawa su za su kwana suna zirga-zirga a caji ofis.

Ga matasa kuma, in kun saya, ku nemi izini kafin ku ɗauki mutum, musamman matan aure da masu masaukinmu. Ku riƙa kwafe hotuna a wuri biyu, ku wanke muhimmai a takarda. Dattawan da suka kafa unguwar nan suna ta ƙarewa, da yawansu ko hoto ɗaya ba mu da shi da za mu nuna wa jikoki. Wannan kaɗai ya isa dalilin sayen ta ƙwarai, sayen nagari kuwa mai da kuɗi gida ne.

Mai tambaya ya same ni bayan taro, ko ya zo da kyamarar mu duba tare kafin ya biya. Allah Ya yi wa kasuwa albarka, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.