Mudu Nawa, Kuma Wane Mudu?



Abin da ya kawo ni shi ne maganar awo. Sau da yawa mutum biyu za su wuni suna gardama a gaban hakimi, alhali kuwa ba su saɓa a kan kome ba sai ma'anar kalma guda. Ku ɗauki mudu. Wanda ya ranci gero mudu arba'in da bazara, ya zo biya da kaka, da wane mudu zai auna? Na kasuwar Gusau ko na ƙauyensu? A tula ko a share baki? In magatakarda bai rubuta wannan ba ran da aka ƙulla bashin, to, ya bar wa alƙali rigima, ya kuwa bar talaka cikin hasara.

Malamanmu na fiƙihu sun riga mu lura da haka. Sun ce sa'i mudun Annabi huɗu ne, wasaƙi sa'i 60, kuma zakkar hatsi ba ta wajaba sai ya kai wasaƙi 5. Mudun Annabi kuwa bai kai na kasuwa girma ba. Wanda ya gama su ɗaya, lissafin zakkarsa ya ɓaci tun daga tushe.

Haka batun gona. Dattawa sun saba da eka, takardun gwamnati kuwa hekta suke faɗi, ita ko hekta guda ta kusa eka biyu da rabi. Na sha ganin takardar ciniki da aka rubuta “fili uku” kawai, ban san ko uku na mene ne ba.

Da aka bar fam da sule a 1973, an yi shela cewa fam ɗaya naira biyu ne, kowa ya riƙe. Irin wannan nake roƙo. Kafin a soma sauraron magana, hakimi ya sa a kawo mudun a gani, a faɗi awon filin da sunansa, magatakarda ya rubuta, ya karanta wa masu magana da shaidu, kana su sa hannu.