Ƙaddara da Bishara: Me Ya Rage wa Mai Wa'azi?



Da safiyar nan, a hanyata ta shigowa Haɗeja, na tsaya bakin fadama ina kallon wani dattijo yana dashen shinkafa. Ruwa ya kai masa ƙwauri, ya sunkuya, hannu ɗaya riƙe da damin iri, ɗaya yana cusa shi cikin laka. Wannan bawan Allah ya san ruwan da zai raya gonarsa ba a hannunsa yake ba. Wani daga sama zai sauko, wani sai an sako shi daga madatsun Tiga da Challawa. Ya kuma ga ambaliyar 2022 da idonsa. Duk da haka bai zauna a gida ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama ba. Tambayar da ke tsakanin mutumin nan da gonarsa ita ce ta daɗe tana motsa malaman Kirista: in Allah ya riga ya san waɗanda za su tsira, har ya zaɓe su, mene ne amfanin fita wa'azi?

Asalin maganar tana cikin wasiƙun Manzo Bulus. A Afisawa sura ta 1 da Romawa sura ta 9 ya yi bayanin zaɓen da Allah ya yi tun kafin a kafa duniya. Sai kuma a Romawa sura ta 10 ya nuna cewa mutum ba zai ba da gaskiya ga abin da bai ji ba, ba kuwa zai ji ba sai an aiko mai faɗa. Agustin, limamin Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya ƙarfafa ɓangaren farko: ceto alherin Allah ne tsantsa, ba ladan ƙoƙarin bawa ba. Jon Kalbin na Jeniba ya tsara wannan koyarwa a littafinsa da ya fara fitowa a 1536. Arminiyus na ƙasar Holan ya saɓa, ya ce an miƙa alherin ga kowa, mutum kuma yana iya ƙi. Taron malamai na Dort, 1618 zuwa 1619, ya goyi bayan almajiran Kalbin, amma gardamar ba ta mutu ba. A Ingila ta raba aminai biyu, Jon Wesli da Joj Witfil, alhali dukansu sun ƙare rayuwarsu suna wa'azi a fili.

Musulmin da ke zauren nan ba baƙi ba ne ga irin wannan muhawara. Imani da ƙaddara ginshiƙi ne, shiriya ta Allah ce, amma babu malamin da ya taɓa cewa saboda haka a rufe makarantar allo.

Akwai lokacin da wasu Kiristocin Ingila suka fahimci zaɓe a matsayin izinin naɗe hannu. Suka ce in Allah ya so mutanen nesa, zai jawo su ba da taimakon kowa ba. Wanda ya karya wannan tunani wani mai gyaran takalma ne, Wiliyam Keri, shi ma kuwa mabiyin Kalbin ne. A 1792 ya rubuta cewa Allah da ya ƙaddara sakamako shi ya ƙaddara hanya, hanyar kuwa ƙafar mutum ce da bakinsa. A 1793 ya tafi Indiya, ya yi shekara bakwai kafin ya yi wa mutum na farko baftisma. Abin da ya riƙe shi cikin shekarun nan shi ne yaƙinin cewa girbin ba nasa ba ne.

Mu dawo gida. A 1893 samari uku, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka Legas da niyyar isa ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun rasu, ɗaya a Girku, ɗaya a Bida. Bingham ya koma, ya sake dawowa, sai a 1902 mishan ɗinsa, SIM, ya sami wurin zama a Pategi. A 1900 ayarin Bishop Tugwell ya shiga Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Likita Mila da ke cikin ayarin ya zauna Zariya daga 1905, aka yi ta aikin fassara har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, don haka ƙofar yawancin masarautu ta daɗe a rufe ga 'yan mishan. Sai a shekarun 1930 ta buɗe ta hanyar jinyar kutare, a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Daga aikin SIM ne majami'ar ECWA ta tsiro a 1954.

SIM ta tara mutane daga ɗariku daban-daban, ba duka ne mabiya Kalbin ba. Amma ku dubi yanayin aikin: shekaru ana wanke gyambo, ana koyar da karatu, masu karɓa ba su taka kara sun karya ba. Ba mai jure wannan sai wanda ya sakankance cewa juya zuciya aikin Allah ne.

Na taɓa kwana a gidan wani tsohon mai bishara a wani ƙauye gefen fadamar nan. Majami'arsa ɗaki ne na jinka, benci huɗu. Da asuba ya ɗauki fartanya tare da maƙwabtansa Musulmi, da yamma suka ci tuwo a akushi ɗaya. Na tambaye shi ko ƙarancin mabiya ba ya damunsa. Ya ce, ɗana, ni an aiko ni in faɗa ne, ba a ba ni mabuɗin zuciyar kowa ba. Ranar da ruwa ya ci gidansa, waɗannan maƙwabtan ne suka kwashe masa hatsi a kwalekwale.

Ɗaya ɓangaren ma, wato na Arminiyus, yana da nasa ƙarfi. Wanda ya gaskata cewa kowane mai sauraro yana iya amsawa a yau, ba ya raina kowa, ba ya jinkiri. Daga nan aka sami kiran masu tuba su fito gaba a ƙarshen wa'azi, da manyan tarukan fili. Haɗarinsa shi ne mai wa'azi ya ɗauka sakamako a wuyansa yake, ya shiga ƙidayar kawuna, ya ɗaga lasifika, ya manta da mutuncin garin da ya sauka. Mutanen Kano ba su manta da watan Oktoba na 1991 ba, lokacin da shirin taron Reinhard Bonnke ya zama sanadin tarzoma aka yi asarar rayuka. Ba ina ɗora jinin kowa a kan wata koyarwa ba ne, wanda ya ɗauki makami shi ke da alhakinsa. Ina cewa ne yadda mutum ya fahimci rabon aiki tsakaninsa da Ubangiji yana bayyana a muryarsa, da lokacin da ya zaɓa, da wurin da ya kafa rumfarsa.

Ga abin da na zo da shi. Imani da zaɓen Allah, in an riƙe shi daidai, yana cire abu biyu daga hannun mai wa'azi: uzurin lalaci da sandar tilas. Ba zai zauna ba, domin an umarce shi ya faɗa. Ba zai matsa wa kowa ba, ba zai sayi tuba da magani ko buhun shinkafa ba, domin abin da aka saya ba bangaskiya ba ce. Ba zai kuma kalli maƙwabcinsa ya yanke masa makoma ba, tunda ba a nuna masa littafin zaɓaɓɓu ba.

Ina roƙon fastocinmu su koyar da wannan ga matasan da suke aikawa ƙauyuka, ina roƙon malamanmu su yi wa masu da'awa irin wannan nasiha. Kogi ɗaya muke sha, ambaliya kuma ba ta tambayar addinin mai gona. Dattijon da na bari a fadama zai gama dashensa kafin azahar, ya wanke ƙafa, ya koma gida ya jira abin da Allah zai yi. Allah ya ba mu irin ƙwazonsa da irin haƙurinsa.