Hannun Yaya, Bakin Ƙane: Koya wa Yara Tsabta ta Hanyar Wasa



Zancenmu na yau a kan hannun yara ne. Kun sani sarai, in uwa ta tafi rijiya ko gona, yarinya ƴar shekara 5 ko 6 ce ke renon ƙanenta. Ita ke ba shi kunu, yatsunta kuma yake tsotsa. Duk abin da hannunta ya ɗauko a makewayi ko a turken awaki, bakinsa za shi. Ta nan zawo ke shiga. Zawo yana fitar da abinci tun jiki bai amfana ba, sai tamowa ta samu ƙofa. Yaron da tamowa ta raunana kuwa, shi zawo ya fi saurin kayarwa. Haɗarin yana ƙaruwa da damina, lokacin da cimaka ta yi ƙaranci, ruwan sama kuma ke kwasar ƙazanta zuwa rijiyoyi da tafkuna. Mutanen Madarunfa ba su manta da kwalarar 2018 ba.

Ƙwayoyin cuta ba sa ganuwa. Yaron da ya dubi hannunsa ya gan shi fes, faɗa ba zai gamsar da shi ba. Wasa ne zai nuna masa abin da idonsa bai gani ba. Ga guda uku da ba sa cin kuɗi.

Na farko, wasan dussa. Ku shafa wa yaro ɗaya ɗan man gyaɗa a tafin hannu, ku barbaɗa dussar gero, ku ce: wannan ce cuta. Sai ya gaisa da ƴan uwansa, ya taɓa ludayi da ƙwarya. Ku sa su nemo duk inda dussar ta kai. Daga nan ɗaya ya wanke da ruwa zalla, ɗaya da sabuni, a gwada hannuwan. Da idonsu za su ga sabuni ne ke cire maiƙon da datti ke maƙale wa.

Na biyu, wasan ƙuda. Yaro ɗaya ya zama ƙuda, ya taso daga wajen juji yana neman ƙwaryar da aka bari buɗe, sauran su yi tseren rufe nasu da faifai. Wanda ƙuda ya riga, shi zai zama ƙuda.

Na uku, waƙa da tafi. Ku zaɓi gajerar waƙar da suka sani, su rera ta suna cuɗa tafin hannu, da bayansa, da tsakanin yatsu, da ƙarƙashin farce, har tsawon ƙirga 1 zuwa 20 a hankali. Ku haɗa ta da lokutanta: bayan makewayi, bayan an share wa jariri, kafin a ci, kafin a ba ƙane abinci.

Wasa ba ya ɗorewa in babu wurin wanke hannu. Ku rataye jarka mai lita 5 daidai tsayin yara, da ƴar huda da igiya da sandar takawa, sabuni a gefe. In babu sabuni, a yi da toka mai tsabta. A daina tsoma hannuwa cikin kwano ɗaya. A zuba wa kowa daga buta. Kashin jariri ma yana ɗauke da cuta, a kai shi makewayi.

Ƴan sa-kai, kada ku kunyata yaro a gaban tsaransa. Ku yabi wanda ya yi daidai, ku dawo bayan mako ɗaya ku ce yaran su koya muku. Ranar 15 ga Oktoba, ranar wanke hannu ta duniya, dama ce ta tara yaran unguwa.

In kuwa zawo ya kama yaro, a ci gaba da shayarwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari na likita, da zinki kwana 10 zuwa 14. Ku auna damtsensa. In ma'auni ya nuna ja, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ku kai shi likita a ranar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ku fara wasan dussa yau, kafin tuwon dare.