MANOMI YA SAYAR DA ARAHA, YA SAYA DA TSADA: INA DALILI?

Jama'ar Dambatta da Makoɗa da Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa. Iyayenmu maza da mata, samari da magidanta, a ba mu aron kunne. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga tambaya. Kai ka yi sharar gona, ka kai taki a jaki, ka yi noman firi da maimai. Da kaka ka kai gero kasuwa, aka saya da araha. Da damina ta tsaya, rumbu ya yi ƙasa, ka koma kasuwar nan ka sayi geron nan da tsada. Geron bai sake ba, tiyar ba ta sake ba. To, me ya sake?

Amsar tsohuwa ce. A shekarar 1776 wani masani ɗan ƙasar Sikotlan, Adam Smith, ya bayyana cewa farashi yana bin abu biyu: yawan kayan da aka kawo kasuwa, da yawan masu nema. Da kaka kowa na sayarwa, sai farashi ya faɗi. Da marka kowa na nema, sai ya hau. Saboda haka ribar tana hannun wanda ya iya jira. Manomin ƙasarmu kuwa ba ya iya jira. Gonakinmu ƙanana ne, gado ya rarraba su, ga bashin taki, ga biki, ga magani, ga kuɗin makaranta, duk suna tsaye a bakin masussuka. Mai sito a kasuwar Dawanau ba noma ya fi ka ba, numfashi ya fi ka.

Wani zai zo da lasifika ya ce, "Ku zaɓe ni, ni zan yanka farashi da doka." Jama'a, an taɓa gwada wannan a kanmu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, har aka yi dalar gyaɗa. A 1949 Turawa suka kafa hukumar sayen gyaɗa, ita kaɗai ke yanka farashin da za a sayi ta fitarwa waje. Shekara da shekaru tana biyan manomi ƙasa da kuɗin da ake sayarwa a Turai, rarar ta tafi wani wuri. Da farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, manoma da yawa suka juya mata baya. A 1986 aka rushe hukumomin, dala kuwa ta riga ta zama labari. Tun wajen 1377 Shehin malami Ibn Khaldun ya yi gargaɗi a Muƙaddima cewa idan mai mulki ya shiga ciniki da kansa, talakawa za su cutu, baitulmali ma ya ragu.

Ku dubi na kwanan baya. A 2024 hatsi ya yi tsadar da ta sa hukuma ta rufe wasu sito a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya sauko, na taki bai biyo shi ba. Mai saye ya ɗan huta, manomi ya ji a jika. Ka ga dai maganar Smith: kaya suka yi yawa, farashi ya sunkuya.

Kada a ce muna goyon bayan masu ɓoye abinci. Ajiya daban, ɓoyo daban. Smith da kansa ya ja kunne cewa 'yan sana'a ɗaya in sun keɓe, sau da yawa haɗa baki suke a tsawwala wa jama'a. Maganin haɗin bakin masu saye shi ne su yi yawa, manomi kuma ya sami ƙarfin cewa, "Albarka, ban sayar ba."

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanka, har da namu, ka tsare shi da tambaya huɗu:

1. Ina ma'ajiyar hatsi da ƙungiyar manoman garinmu za ta riƙe?
2. Ina rance mai sauƙi da zai hana mu kaɗar da amfani da kaka?
3. Yaushe za a gyara hanyarmu, motar masu saye ta shigo ko da damina?
4. Taki zai iso kafin shuka, ko sai dawa ta yi bununi?

Wanda ya amsa da atamfa da sabulu da 'yan kuɗi a ambulan, ka gane shi. Irin mai sayen kaka ne, ya zo lokacin da kake cikin matsi don ya saya da araha. Gero in ka kaɗar, baɗi ka sake nomawa. Ƙuri'a in ka kaɗar, sai bayan shekara huɗu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka da shugabanni adalai. Amin. Wassalam.