Ciwon Kafaɗa: Gyara Daga Bangon Ɗakinki

 

A makon jiya wata baiwar Allah daga Shinkafi ta aiko mana da saƙo ta hannun ƙanenta. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta ce wata huɗu ke nan kafaɗarta ta dama tana ciwo, ba ta iya ɗaga taɓarya, ko ɗaurin kallabi sai ta cije. An yi mata ƙaho sau biyu, ta sha ƙwayoyin kemis har cikinta ya fara zafi, amma ciwo yana nan. Yanzu sana'a ta tsaya, zubin adashi ya gagara. To 'yar uwa, na san ba ke kaɗai ba ce, shi ya sa yau za mu tsaya a kan wannan magana.

Da yawanmu da mun ji ciwon kafaɗa sai mu ce sanyi ne. Sau da yawa kuwa tushen abin yana can baya. Ki kai hannu ki shafa saman bayanki, za ki ji wani faffaɗan ƙashi mai kusurwa uku, shi ne allon kafaɗa. Ba a kafe yake ba, zamewa yake yi a kan haƙarƙari, kuma tsokoki 17 ne ke manne da shi. Idan kin ɗaga hannu har sama, kusan kashi biyu cikin uku na motsin daga gaɓar kafaɗa yake, sauran kashi ɗayan kuma allon ne ke juyawa ya bayar da shi. In allon ya ƙi juyawa yadda ya kamata, sai gaɓar ta ɗauki aikin da ya fi ƙarfinta, jijiyoyinta su riƙa matsuwa. Kin ga turmin da bai zauna daidai a ƙasa ba? Komai kyan taɓarya, daka ba zai yi daɗi ba.

Me ke kawo haka? Ki duba aikinmu na yini: tuƙin tuwo, wanki a tsugune, jan guga, ɗinkin hula, kitso, shayar da jinjiri. Duk a sunkuye muke yinsu, hannu a gaba. A hankali tsokar ƙirji ta ɗaure, ta baya ta yi sanyi. Ki sa 'yarki ko abokiyar zamanki ta tsaya bayanki, ki ɗaga hannu biyu ki sauke a hankali. Wani lokaci za ta ga allon gefen da ke ciwo ya ɓullo waje kamar fiffike.

Ga motsa jiki guda huɗu irin wanda masu aikin gashin ƙashi ke koyarwa a asibiti. Ba ya buƙatar kuɗi, ba ya buƙatar fita. Kafin ki fara, ki gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi kamar minti 10.

Na farko, matse allo. Ki zauna a miƙe, ki ja kafaɗunki baya da ƙasa, kamar kina son riƙe ludayi tsakanin allunan biyu. Kada ki ɗaga kafaɗa zuwa kunne. Ki ƙirga 5, ki saki. Sau 10.

Na biyu, buɗe ƙirji. Ki tsaya a ƙofar ɗaki, ki jingina hannunki daga gwiwa zuwa tafi a gefen ƙofar, ki ɗan taka gaba har ki ji ƙirji yana ja. Ki ƙirga 30. Sau 3.

Na uku, shafar bango. Ki fuskanci bango, ki ɗora hannu biyu a kai, ki zame da su sama a hankali kamar mai yaɓe, iya inda ciwo ya bar ki, sannan ki dawo. Sau 10.

Na huɗu, tura bango. Tafin hannu a bango daidai tsayin kafaɗa, ki lanƙwasa gwiwar hannu ki kusanci bangon, sannan ki tura har hannu ya miƙe, ki ƙara turawa kaɗan har ki ji allunan sun buɗe. Sau 10.

Ki yi su bayan sallar asuba da bayan la'asar. Ɗan ja ko ɗan nauyi ba komai ba ne. Amma in kin ji suka kamar allura, ko ciwon ya ƙaru har washegari, ki rage. Kuma fa sai da haƙuri, don tsoka ba ta gyaruwa a kwana uku. A kan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga cikakken sauƙi. Sannu ba ta hana zuwa.

A wannan lokacin ki sassauta wa kafaɗar, amma kada ki ajiye ta gaba ɗaya, don hannun da aka daina motsawa ƙagewa yake yi. Ki raba daka gida biyu, abin da za a iya kai wa inji a kai. Ki ja ruwa da ƙaramin guga, ki riƙa sauya hannu a tuƙi. Da dare kada ki kwanta a kan gefen mai ciwo.

Batun ƙwayoyi kuma, irin su diclofenac da ibuprofen suna rage zafi, amma yawan shansu yana iya jawo gyambon ciki, ya kuma taɓa ƙoda. Mai juna biyu kada ta sha sai da izinin likita.

Sai dai akwai inda bango ba zai yi magani ba. In ciwon ya biyo bayan faɗuwa har hannu ya ƙi ɗaguwa, ko wurin ya kumbura da zazzaɓi, ko hannu yana mutuwa, a tafi asibiti. In kuwa ciwon ya zo da nauyin ƙirji, gumi da sarƙewar numfashi, to yana iya zama zuciya, kada a jira gari ya waye. Mai ciwon suga ita ma ta kula, don kafaɗa ta fi saurin ƙage mata. A fara da babban asibitin Shinkafi, ko na Ƙauran Namoda, ko na Zurmi. In da buƙata za su tura ki Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Haka nan in kin yi mako 6 kina motsa jikin ba ki ga canji ba.

Maigida, in kana kusa da rediyo, don Allah a ba ta izini, a kuma raka ta. Hannun nan shi ke tuƙa tuwon gida.

'Yar uwata ta Shinkafi, ki fara yau da la'asar, in kin samu hali ki sake aiko mana mu ji yadda ake ciki. Allah ya ba ki lafiya, ya mayar da ke kan sana'arki. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Ku huta lafiya.