Ƙyas Ɗaya, Tafin Dusa Ɗaya: Jawabi Kan Horar Da Doki Da Tukuici

 

Da aka ce mu zaɓi abin da za mu yi magana a kai, mun san wasu sun sa ran jin batun ƙarin girma ko kuɗin hutu. Waɗannan suna da masu su, kuma sun fi mu iya faɗa. Mu yau barga za mu kai ku, mu yi zancen doki.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Karaye da Rogo ya san doki tun yana goye. Mun ga hakimai da dagatai sun yi jahi a ƙofar fada ranar hawan Sallah, mun ga samari suna kilisa da yamma, manyanmu kuma sun ga dokin da ke zagaye yana juya injin matse rake a wurin masu mazarƙwaila. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, kuma mun yi murna. Sai dai mai kallo daga bakin hanya ado yake gani. Wanda ya bi doki gida bayan an sauka, ya ga an zare linzami, shi ne yakan ga jini a gefen baki, da sawun ƙaimi a haƙarƙari. Ba kowane doki ba, ba kuma kowane mahayi ba, amma abin ya yi yawan da ba za mu ce ba mu gani ba.

Kada mu zalunci magabata. Gwanin doki na gargajiya yana da ilimi mai zurfi. Yakan ja linzami, doki na sunkuyar da kai sai ya sassauta. Yakan matsa da ƙafa, doki na ɗagawa sai ya saki. A cikin sakin nan darasin yake, domin doki yana koyon abin da ke kawar masa da matsi. Gwani yana saki a kan kari, shi ya sa dokinsa ke da laushin baki. Wanda bai ƙware ba yakan ja bai saki ba, doki ya rasa mafita, ya yi turjiya, a ce ya yi taurin kai, a ƙara masa bulala.

Akwai wata hanya, kuma asalinta ba baƙo ba ne gare mu, don mun haddace shi a kwalejin horon malamai domin cin jarrabawa. Mun karanta Thorndike da kuliyoyin da ya kulle a akwati a 1898, da ƙa'idarsa cewa aikin da ya jawo daɗi ana maimaita shi. Mun karanta Skinner da ɓerayensa da tantabarunsa. Abin da ba a gaya mana a aji ba shi ne, a 1951 Skinner ya rubuta maƙala kan yadda ake koyar da dabbobi, inda ya ba da shawarar a yi amfani da wani ɗan abin wasan yara na ƙarfe mai ƙarar "ƙyas" in an danna. Karen Pryor, wadda ta yi aikin horar da dabbobin teku da usur a Hawai cikin shekarun 1960, ta yaɗa dabarar da littafinta na 1984. Daga baya wata Ba'amurkiya, Alexandra Kurland, ta ɗauke ta zuwa barga, ta fitar da littafi a kan dawaki a 1998. Turawa suna kiran ɗan abin kilika. Mu a gida 'yar ƙyas muke ce mata.

Mene ne amfanin ƙarar? Me ya sa ba za a miƙa wa doki dusa kawai ba? Ga dalili. Doki yana danganta sakamako da abin da yake yi a daidai lokacin da sakamakon ya zo. A ce ya ɗaga ƙafa kamar yadda ake so. Kafin mutum ya sa hannu a jaka ya ɗebo dusa ya kai bakinsa, ya riga ya ajiye ƙafar, ya juyo da kai, ya kaɗa wutsiya. To, wanne aka biya shi? Shi dai bai sani ba. Amma ƙyas ba ta ɓata lokaci. Tana faɗuwa a kan aikin kamar yadda hatimi ke faɗuwa a kan takarda, tana gaya masa: wannan, wannan da ka yi yanzu, shi ne ya jawo maka abinci. Dusar na iya biyowa bayan daƙiƙa biyu ko uku, ba a yi asara ba. Wanda ba shi da 'yar ƙyas ma yana iya yin ƙarar da harshensa, muddin iri ɗaya ce kullum kuma ba ya yin ta a banza.

Gani ya kori ji. A hutun ƙarshen zango mun gwada a kan wani duƙushi na gidanmu, ɗan shekara biyu, wanda ba ya yarda a taɓa masa ƙafar baya. Kwana biyun farko ba mu nemi kome a wurinsa ba: ƙyas, tafin dusa, ƙyas, tafin dusa, har ya zama in ya ji ƙarar sai kunnuwansa su miƙe. Sannan muka kafa ɗan gora a kan sanda muka miƙa gabansa. Doki akwai son shinshina baƙon abu. Hancinsa na taɓa goran, ƙyas. Ya ci, ya tsaya yana kallonmu. Ya sake taɓawa, ƙyas. A karo na biyar ko na shida sai muka ga wani abu a idonsa da kowane malami a wannan ɗaki ya sani, wato kallon ɗalibin da lissafi ya buɗe masa. Ya gane cewa shi ne ke sa ƙarar ta fito. Daga ranar, in muka shigo da sanda shi ke tahowa har iyakar igiyar turkensa.

Za mu faɗi kuskurenmu, don kada wani ya maimaita. Mun zuba dusar a aljihun riga, kuma in ya kawo baki yana laluba sai mu yi dariya mu ba shi. Ashe lalube muke biya. Cikin mako guda ya fara cafkar riga, wata rana ya haɗa da fatar hannu, har yau ga tabon. Laifin ba nasa ba ne. Abin da muka koya masa ya yi. Gyaran ya ci kwana goma: muka tsaya bayan shinge, ba ƙyas sai ya kawar da kai ya miƙe wuya gaba, kuma a can nesa da jikinmu muke miƙa masa a buɗaɗɗen tafi. Da za mu sake farawa, wannan ladabin cin abinci shi ne darasi na ɗaya. Masu yara ƙanana a gida su riƙe wannan da kyau, musamman in dokin ingarma ne.

Batun ƙafa kuwa daki-daki muka bi. Hannu a kafaɗa ya tsaya cik, ƙyas. Hannu a cinya, ƙyas. Ya ɗan sauke nauyinsa daga ƙafar, ƙyas. In ya yi harbi ba duka, ba tsawa, sai dai ba ƙyas ba dusa, mu koma matakin da ya iya. Minti biyar da safe, minti biyar da yamma. Kafin a koma makaranta, mai gyaran kofato ya yi aikinsa ba tare da an ɗaure ƙafa ko an murɗe leɓe ba. Da wannan tsarin ake koya wa doki tsayawa a ɗaura sirdi, da shiga babbar mota in za a kai shi hawa birni, da haƙuri da allurar likitan dabbobi. Haka ma ƙarar bindiga da tambari: a fara daga nesa inda bai firgita ba, a biya shi kan natsuwa, a riƙa matsowa sannu a hankali.

Wani dattijo da ya ga muna yi ya ce, "Malam, wannan ai cin hanci ne. Ranar da ba dusa fa?" Tambaya ce mai nauyi. Amsarmu ita ce, hanci kafin aiki ake bayarwa, tukuici kuwa bayan aiki. Kuma in darasi ya zauna, ana rage biya, ya zama jefi-jefi, wani lokaci a musanya da susa a tushen wuya, inda dawaki ke sosa wa junansu. Amma ba za mu ce dattijon bai da gaskiya ko kaɗan ba. A tsakiyar taron Sallah, ga algaita ga hayaƙin bindiga ga yara suna gilmawa, babu mai hankalin da zai hau ba linzami. Abin da muke cewa shi ne, dokin da aka koya wa da tukuici a gida ba ya bukatar a yaga masa baki a fili. A kuma kula da yawan hatsi: cikin doki ƙarami ne, ba ya iya amai, gero ko dawa mai yawa na iya jawo masa ciwon ciki mai kisa. Tafi kaɗan ya isa, ko yankakkiyar harawa, a kuma cire shi daga cikin abincinsa na yini.

Masu bincike a Jami'ar Rennes ta Faransa sun wallafa a 2010 cewa 'yan dawakin da aka horar da tukuicin abinci sun fi saurin koyo, kuma bayan watanni da rabuwa sun fi kusantar mai horar da su, har ma da mutanen da ba su sani ba. Wato doki yana riƙe yadda aka yi da shi, yana kuma auna sauran mutane da wannan mudun.

Mun san abin da ke ran wasunku, don ya zo ranmu tun a barga. Yaro ba doki ba ne; yana da hankali, yana da harshe, ana yi masa bayani ya fahimta, kuma ba mu ce kowa ya shiga aji da jakar alewa ba. Amma mun koma aji uku da kunya guda. Mun lura idonmu ya fi saurin kama mai surutu fiye da mai rubutu, kuma littafin da yaro ya yi aiki ranar Litinin sai Alhamis muke duba shi, lokacin da ya manta abin da ya rubuta. A aji mai yara tamanin ba mu da maganin wannan gaba ɗaya. Abin da muka iya shi ne zagayawa da jan biro suna cikin aiki, mu sa maki nan take, mu ambaci abin da aka yi daidai da sunansa: "Wannan baƙin naki ya zauna a kan layi." Ƙyas ɗinmu ke nan.

Masu dawaki a cikinmu, da waɗanda 'ya'yansu ke aron doki su hau, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son dokinsa ya tsaya wa bindiga a Sallah mai zuwa, yanzu zai fara. Duƙushin namu yana nan a turke, sandar da goran suna jingine a zaure. Duk mai son gani ya same mu bayan taro mu sa rana, amma ya zo da riga marar aljihu.